Jadawalin darussa ya gagare ni, malamin Lissafi na shirin ajiye aiki

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum malamai. Don Allah ku taimake ni, kwana uku ke nan barcina rabi da rabi. Mataimakin shugaban makarantarmu aka yi wa canjin wurin aiki ana saura mako biyu a dawo hutu, aka ɗora min aikinsa ba tare da an tambaye ni ba. Shekara takwas shi yake haɗa jadawali, komai a kansa yake. Abin da ya bar min kwali ɗaya ne a bangon ofis, an goge an sake rubutawa har wani wurin ya huje. Na kira shi sau biyu, ya ce zai kira ni, har yau shiru. Da ma can ba mu cika jituwa ba, amma wannan wani zance ne.

Ajujuwa shida muke da su, JSS 1 zuwa 3, kowanne A da B. Litinin zuwa Alhamis firiyod takwas na minti 40, Juma'a biyar saboda masallaci, wato 37 a mako. Malamai tara ne har da ni da 'yan bautar ƙasa biyu. Lissafi firiyod biyar ne a kowane aji, malaminsa kuma ɗaya, sai ya tashi da 30. Jiya ya ajiye min takardar barin aiki a kan tebur ya ce, "Malama, ni ba inji ba ne." Yaya zan yi?

Tsohon Firinsifal:
Wa alaikumus salam. Malama, fara da lissafin da ba ki yi ba. Aji 6 sau 37 ya ba ki 222. Raba wa mutum 9, kowa ya kusa 25. Ashe tun asali malamanku ba su isa ba, babu dabarar da za ta ɓoye wannan. Shekara 31 na yi a aikin nan, maganin ɗaya ne: ki haɗa A da B a darasin Lissafi, 30 ta dawo 15. An gama.

Malamar Kimiyya:
Baba, a gafarce ni, an haɗa a zaunar da su ina? Ba ta ma faɗi yawan yaran ba. Mu da aka yi mana haka yara 96 na samu a ɗaki ɗaya, na baya a kan taga suke zama. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare. Kuma firiyod ce kawai ta ragu, littattafan da za a duba suna nan yadda suke. Ni da fitilar waya nake makin jarrabawa bayan isha'i, na goye ƙaramina, albashin ma sai wata ya yi nisa. Ba mai tambayarki yaya kike.

Tsohon Firinsifal:
Mu a zamaninmu 32 muke ɗauka kuma ba mu mutu ba. Malaman yanzu son jiki ya yi musu yawa.

Wani mai bautar ƙasa:
Malama, kada ki gina jadawali a kanmu. Muna da ranar CDS, wato aikin raya al'umma, sau ɗaya a mako, ga zuwa tantancewa duk wata. Shekara ɗaya ce mu tafi, sau da yawa a tsakiyar zango. Ni Tarihi na karanta aka ba ni Basic Technology, ko littafin malami ba a ba ni ba.

Malam daga Zariya:
Tambaya ɗaya, ke firiyod nawa kike ɗauka? Kuma waye mafi ƙarancin aiki? In matsakaici 25 ne, wani yana 30, to akwai mai hutawa.

Mai neman shawara:
Ni 15 ce, na raba Turanci da ɗan bautar ƙasa ɗaya. Amma rijista da duba lesin not da iyayen yara duk a kaina suke, ba zama nake ba. Mai 12 kuma dattijo ne, ƙafarsa na ciwo, shi ya koyar da shugabarmu tana yarinya. Ba ni zan je in ƙara masa ba. Haɗa aji kuma ba zai yiwu ba, benci ba ya isa ko a haka.

Malam daga Zariya:
To ki rage Lissafin JSS 1 da 2 zuwa huɗu, ki bar wa JSS 3 biyar saboda BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ya dawo 26. Ki sa masa dabul, wato firiyod biyu a haɗe, da safe kafin rana ta yi zafi, kada ya yi fiye da uku a jere. Ko ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ta ɗauko malamin wucin gadi.

Tsohon Firinsifal:
A rage Lissafi? Darasin da yara suka fi faɗuwa? In sufeto ya zo shi za ki yi wa bayani. Ki haɗa aji na ce.

Mai neman shawara:
PTA ɗinmu ko kuɗin alli da kyar ake tarawa. Ragewar ma na kawo wa shugaba, ta ce kada in taɓa. Litinin ake dawowa kuma har yanzu kwalin nan ne a bango. Akwai wanda ya taɓa bai wa malamin Kimiyya Lissafin aji ɗaya? Namu NCE ɗinsa Integrated Science ce, ban san ko zai yarda ba.

Malamar Kimiyya:
Wato mu za a sake ɗora wa.