Wai da gaske a Tailan sarkin da ke bin addinin Buddha ne ke naɗa shugaban Musulmi?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Yayana yana harkar duwatsun ado, satin da ya wuce ya dawo daga Bankok. Jiya bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida yana nuna min hotuna a waya, har da wani tsohon masallaci wai shi Masallacin Harun a unguwar Bang Rak inda ya yi Juma'a, a cikin wani ɗan lungu yake sai ka ce cikin garin Zariya, sai kuma ledar biskit da ya kawo wa yara da tambarin halal a jiki. Can sai yake ce min ai sarkinsu ne ke sa hannu a naɗa shugaban Musulmin ƙasar, alhali shi sarkin ɗan Buddha ne. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ta yaya wanda ba ya kallon gabas zai naɗa maka jagora? Wanda ya sani don Allah ya warware min.

Malamin Kawo:
Wa alaikumus salam. Yayanka bai yi ƙarya ba amma akwai saura. Muƙamin suna ce masa Chularatchamontri, wato Shaihul Islam, kuma ba sarki ke zaɓo wanda ya ga dama ba, kwamitocin Musulunci na larduna ne ke taruwa su zaɓa sannan a kai wa sarki sunan ya tabbatar, haka dokarsu ta 1997 ta tsara. Shaihun ne ke sanar da ganin wata na azumi da salla kamar yadda Sarkin Musulmi ke yi mana a nan, kuma majalisar da yake shugabanta ita ke ba da wancan tambarin da ka gani a biskit. Tsarin mulkinsu ya ce dole sarki ya zama ɗan Buddha amma kuma shi ne mai kare addinai. Su 'yan Buddhan da sun haura kashi 90 cikin ɗari suna da ofishinsu daban tun 2002, kuma malamansu ma gwamnati na sa ido a kansu sosai, ba sakaka aka bar su ba. A lardunan kudu huɗu, Pattani da Yala da Narathiwat da Satun, tun 1946 aure da gadon Musulmi da shari'ar Musulunci ake yanke su.

Maman Hanifa:
Malam ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ni fa takarda ba ta burge ni. A wannan Narathiwat ɗin ne a garin Tak Bai, cikin azumin 2004, aka jibge masu zanga-zanga a motocin soja wani kan wani kamar buhunan masara, mutum 78 suka mutu a hanya saboda rashin numfashi, masu azumi fa. Ina ofishin Shaihul Islamin yake ranar? Ku dubi Siri Lanka ma, suna da sashen gwamnati na harkokin Musulmi, suna da kotunan alƙalan Musulunci a ƙarƙashin dokar 1951, amma da korona ta zo a 2020 haka aka riƙa ƙona gawarwakin Musulmi dole, mutum ba wanka ba likkafani ba kabari, sai Fabrairun 2021 aka daina, gwamnati ba ta nemi afuwa ba sai 2024. Ni da na binne mahaifiyata na san abin da ake nufi da ka san inda kabarin naka yake. Har yanzu in na tuna iyalan nan sai jikina ya yi sanyi.

Abban Sadiq Rigasa:
Gaskiya Hajiya. To amma mu ma mu dubi gida. Sashe na 10 na tsarin mulkinmu ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, duk da haka ga hukumar alhazai ga ta masu zuwa Urushalima duk da kuɗin gwamnati. Kun tuna 2016 da aka kawo ƙudurin ba masu wa'azi lasisi a jihar nan ta Kaduna, malamai da fastoci da dama suka yi ca, alhali asalin dokar tun 1984 take. Ni a ganina a yi rajistar masallaci da coci babu laifi, mu da muka ga rikicin 2000 da idonmu mun san abin da bakin mutum ɗaya zai iya kunnawa, amma zaɓen liman ko jagora a bar wa masu addinin.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam yanzu na gane zaɓe daban tabbatarwa daban, hankalina ya ɗan kwanta ta nan. Hajiya Allah ya jiƙan Mama, maganar Tak Bai ɗin nan ban taɓa jinta ba sai yau. Yaya zai koma bayan salla, zan ce masa in ya je Masallacin Harun ya zauna da mutanen bayan Juma'a ya ji daga bakinsu yadda suke ɗaukar Shaihun nasu, in ya dawo zan kawo muku.