Taƙaitawa: turin waƙoƙi, haƙƙin mawaƙa da gidajen gem a Kano

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi a kan tura waƙoƙi, haƙƙin mawaƙa da gidajen buga gem a Kano:

1. Kusan kowa ya yarda waƙa dukiyar mai ita ce. Shi ya biya situdiyo, ya sallami makaɗi da 'yan amshi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare shi har a intanet.

2. An rabu a kan 'yan turi, masu zama da laftof a kasuwar waya ta Farm Centre da bakin titi suna cika wa mutane memori. Wasu sun ce su suka ƙarasa kashe kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai. Wasu sun ce ba don su ba, da sabon mawaƙi bai kai ƙauye ba, kuma da sana'ar suke ciyar da iyali. Mafi rinjaye sun ce su riƙa sayen izini daga mai waƙa kafin su tura. Ni ma nan na tsaya, don gumin mutum ba abin wasa ba ne.

3. An ba da shawarar mawaƙi ya riga kowa ɗora waƙarsa a YouTube, Audiomack ko Boomplay, ya kuma rubuta yarjejeniya da furodusa tun kafin a shiga situdiyo.

4. Tura wa aboki waƙa ta manhajar Xender: ba a cimma matsaya ba.

5. Gidajen gem: matasa sun ce buga ƙwallo a PlayStation ya fi zaman banza. Iyaye sun ce a rufe lokacin sallah da Islamiyya, a hana caca, kuma yaro mai yunifom kada ya shiga.