A faɗa wa kamfanin, ko a rufa mishi asiri?

Baban Hauwa, Suru: Salamu alaikum jama'a. Kun tuna mutumen da yar riƙa muna sito lokacin bashin noma na gwamnati, wato Anchor Borrowers, wanda anka sallama bayan takinmu ya ɓace? Ba ni kiran sunanai. To yanzu wani kamfanin casar shinkafa zai ɗaukai ejan mai sayen shanshera a yankinmu, kuɗɗi da sikeli da mota dut a hannunai. Ni na san manajan sayayyarsu. Ni dai gani nikai wajibi ne in gaya mishi kowane ne mutumen ga. Ƙanena ya ce gulma ce zan yi kuma zan toshe ma mai iyali abinci. Ku ba ni shawara don Allah.

Sani Mai Inji, Jega: Wa alaikumus salam. Yaya gaskiya ina bayan ƙanenka. Shirin nan tun Nuwamban 2015 Buhari ya buɗe shi a Birnin Kebbi, lissafa ka ga shekara nawa ke nan, mutum bai canzawa ne? Kuma wa ya tambaye ka? Kamfani suna da ma'aikatan da suke biya albashi don su binciki wanda za su ɗauka, in ba su yi aikinsu ba ba kai za a tambaya ba. Yana da mata da 'ya'ya, ka bari ya ci abincinsa.

Hajiya Mai Gumi, Argungu: Sani kana maganar 'ya'yansa, mu namu fa? Ejan in ba shi da amana ba kamfani ka shan wahala ba, mu ne. Kin kai buhu uku da kyar kin biya lebura kin biya ɗan amalanke, sai ya tsoma ƙarfen gwada danshi ya ɗan juya fuskar injin wajensa ya ce ba ta bushe ba, ya zabge maki kilo a kowane buhu, ke kuma ba ki iya maida ita gida don kuɗin mota sun ƙare. Kamfani bai ma san an yi ba, shi dai ya ga kaya sun shigo.

Sani Mai Inji, Jega: Hajiya wannan halin wasu ejan ne, ba a ce shi ya yi ba.

Malam Na Gwandu: Bismillah. Ayar da ƙanenka yake nufi tana cikin Hujurat, aya ta 12, kuma giba babban zunubi ce. Amma Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, ɗaya daga ciki gargaɗin musulmi kan cutarwa. Fatima bint Qais ta zo wa Manzon Allah (SAW) da maganar masu neman aurenta, ya ce mata Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usama bin Zaid. Muslim ne ya ruwaito. Ka ga an faɗi aibi a bayan ido don a kare wadda za ta shiga.

Sani Mai Inji, Jega: Allah gafarta Malam, ai ita zuwa ta yi ta nemi shawara. Nan ba wanda ya nemi ta Baban Hauwa. Kuma hadisin wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi fa, ina za mu kai shi?

Malam Na Gwandu: Tambaya mai kyau Malam Sani. Malamai sun ce ko ba a tambaye ka ba, in ka ga mutum zai sayi kaya mai aibi bai sani ba, sai ka sanar da shi. Suturtawa kuma tana kan laifin da ya wuce wanda ba wani da zai sake cutuwa da shi. Amma da sharaɗi, kuma nan ne mutane suke zamewa: ka faɗi abin da ka tabbatar kawai, gwargwadon buƙata, ga wanda abin ya shafa, kuma ka duba zuciyarka da kyau ko tsohon haushi ne yake tura ka. A surar nan dai, aya ta 6, an ce a yi bincike kafin a ɗauki labari. Baban Hauwa, me ka gani da idonka?

Baban Hauwa, Suru: Malam ina cikin waɗanda sunka buɗe siton. In ka tsaya bakin ƙohwa buhunan yuriya ne jere har rufi, sai da munka janye layin gaba munka iske bayansu wayam. Taki ne na bashi, da sunayenmu cikin littafi, mu anka bi. Gaban hakimi ya amsa, yas sa hannu ga takarda cewa zai biya. Zancen wai yana taɓa sikeli kuwa ji ni yi ga mutane, ban gani ba.

Barista, Birnin Kebbi: To Alhaji ka riƙe na farkon ka saki na biyun. Ɓata suna laifi ne a kundin dokar laifuka na Arewa, wato Penal Code, sashe na 391 da 392, hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 2. Amma dokar ta ware gargaɗin da aka yi da kyakkyawar niyya don amfanin wanda aka gaya wa, kuma kyakkyawar niyya a kotu tana nufin ka yi taka-tsantsan ka tabbatar kafin ka buɗe baki. Takardar da ya sa wa hannu hujja ce. An ce an ce ba hujja ba ce. Kuma ina roƙon kowa kada a kai maganar nan Facebook ko a tura hotonsa guruf guruf, ana jan mutane kotu da dokar laifukan intanet ta 2015 kan irin haka.

Ɗan Kamba: Ni abin da kowa ya tsallake shi nike son in taɓo. Manajan nan ba ɓoye sunanka zai yi ba wallahi, kafin la'asar magana ta kai gidan mutumen, ga auratayya tsakanin unguwanninku ga jana'iza ga suna dut tare kuke, gaba ce za ta tashi wadda 'ya'yanku za su gada. Sannan na ji daga bakin wanda ya sani ya biya wani abu cikin kuɗɗin, ba dut ya cinye ba. In ka je ka ce ɓarawo ne kawai ka rufe baki ka zalunce shi.

Baban Hauwa, Suru: Gaskiya ne ya biya wani kaso, sauran ne har yau shiru.

Malam Na Gwandu: To wannan ma dole ka faɗe shi in za ka yi magana. Ba a faɗin bashi a ɓoye biya.

Hajiya Mai Gumi, Argungu: Tsoron gaba shi ya kashe mu a garuruwan nan. Kowa ya san halin wane amma sai a yi shiru don kunya, sai ya kwashe na marayu sannan a taru ana salati. Mai tuba na gaskiya ai sauran bashin zai fara biya kafin ya nemi a sake ba shi amanar kuɗin mutane.

Ɗan Kamba: Hajiya da mi zai biya in an hana shi aiki?

Hajiya Mai Gumi, Argungu: A ba shi aikin da ba kuɗi ba sikeli mana. Kamfani ba ejan kaɗai suke ɗauka ba.

Barista, Birnin Kebbi: Akwai kuma wanda ba ku ambata ba, garanto. Irin aikin nan ba a bayarwa sai wani ya tsaya maka ya sa hannu, wani lokaci har da takardar gida ko gona. In kaya suka yi ƙafa shi za a kama. Ku binciko wa ya tsaya masa, ya san tarihin ko bai sani ba.

Baban Hauwa, Suru: Innalillahi. Kawunai ne, tsoho ne ƙwarai, kuma lokacin da abin yaf faru ba ya gari. To ga abin da zan yi. Juma'a in an sauko zan iske mutumen gida ni da sakataren ƙungiya, in ce mishi ya je da ƙahwarshi ya gaya ma manajan da kawun nashi abin da yaf faru da abin da yab biya. In ya ƙi, ni zan kai kwafin takardar, ban ƙara ko kalma guda bisa abin da ke ciki.

Sani Mai Inji, Jega: Zuwa gidansa na yarda da shi Yaya. Kai takarda kamfani kam har yanzu ban gamsu ba, in sun kira ka sun tambaya wannan daban.

Hajiya Mai Gumi, Argungu: Ku dai yanka mishi rana, kada ya yi ta ja maku rai. Shinkafar fadama ta fara nuna, da an fara yanka za su ba shi kuɗin saye.