Ya Yahudawa suke tafsirin Attaura ne?

Sani_Funtua:
Salam jama'a. A kwas ɗinmu na nazarin addinai an nuna mana hoton shafin Attaura da Ibrananci, aya a tsakiya da manyan haruffa, sharhi ya zagaye ta ta ko'ina kamar Jalalaini mai hashiya. Dan Allah su ma suna da ƙa'idojin tafsiri ne ko kowa faɗin ra'ayinsa yake?

Malam Bala:
Wa alaikassalam ɗana. Suna da su, har da yawa ma. Littafin da ka gani Mikra'ot Gedolot ne, an fara buga shi a Venice wajen 1517, kuma sharhin da ba a rasa shi a shafin na Rashi ne, malamin Faransa da ya rasu a 1105, da shi yaransu ke fara karatu. Matakai huɗu suke ambata: peshat wato zahirin aya, remez ishara, derash zurfafa bincike don fitar da hukunci ko wa'azi, sai sod na asirai. Abin da ya fi burge ni shi ne a wajensu babu maimaici na banza. Ayar da ta ce kada a dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa ta zo sau 3 a Attaura, biyu a littafin Fitowa ɗaya a littafin Maimaitawar Shari'a, sai malaman Talmud, babban kundin fiƙihun Yahudawa, suka ce ai sau ukun hukunci uku ne, haramcin dafa nama da nono tare, da haramcin ci, da haramcin amfana da shi ko da sayarwa ne, kaga daga nan ne har yau gidan mai riƙo da addini a cikinsu za ka tarar tukwanen nama daban na madara daban.

Maman Ladi:
Ni Kirista ce, ayar nan mun sha karanta ta amma ban taɓa kawo haka a raina ba. To Malam wannan ba ɗora wa aya abin da ba ta faɗa ba ne?

Malam Bala:
Baiwar Allah ai gardamar da suke yi a junansu kenan. Karaiyawa, wata ƙungiya a cikin Yahudawa, sun ƙi hadisan baka gaba ɗaya, suka ce rubutacciyar Attaura kawai. Ko a cikin shafin nan, jikan Rashi da ake kira Rashbam yakan saɓa wa kakansa ya tsaya kan zahiri, wani mai sharhin kuma, Ramban, ya zo ya ƙalubalanci sharhin Rashi da na Ibn Ezra, kuma duk an bar su a shafi ɗaya ba a goge kowa ba.

Abu_Hafsa:
Sani in kana jin Larabci nemi fassarar Sa'adiya Gaon, haifaffen Fayyum a Masar, ya rasu 942, sunan aikin ma Tafsir. Sannan duba ƙa'idoji 13 na Rabbi Isma'il, ta farko kal wa-homer kusan ita ce ƙiyasul aula na usulul fiƙhi, misalinta maganar Annabi Musa cewa Isra'ilawa ma ba su saurare shi ba balle Fir'auna. Sai dai ka ware tsakanin nazari da ɗauka hujja, malamanmu sun yi magana kan Isra'iliyat.

Sani_Funtua:
Na gode ƙwarai. Malam akwai inda zan karanta Rashi kyauta? Kuɗin littafi ya gagara wallahi.

Malam Bala:
Shiga Sefaria a intanet, akwai fassarar Turanci. Fara da ayar farko ta littafin Farawa, inda Rashi ke tambayar dalilin da ya sa Attaura ta soma da labarin halitta maimakon umarnin farko.