Muhawara: Gona ce ta yi Harry Murray, ko bariki?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina cewa manomi ya fi ɗan birni iya aikin soja, yau kuma na zo da shaida daga Ostireliya. Harry Murray ɗan manomi ne, an haife shi a 1880 kusa da garin Evandale a tsibirin Tasmaniya. Yana ɗan shekara 14 aka cire shi daga makaranta ya koma taya mahaifinsa aikin gona. Daga baya ya tafi yammacin ƙasar, ya yi kai wasiƙu a yankin masu haƙar zinariya, ya yi sana'ar saran katako a daji. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya shiga soja a matsayin kurtu yana da shekara 33. Kafin a ajiye makamai a 1918 ya kai laftanar kanar, ya samu Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a wurin Ingila, har ana cewa a duk sojan ƙasa na daular Birtaniya babu wanda ya kai shi yawan lambobin yabo a wannan yaƙi. Yana gamawa ya koma kiwon tumaki a jihar Queensland. Wanda ya tashi da gatari a hannu, ya saba da yunwa da rana da kwanan daji, ai ya gama rabin horo tun kafin ya ga bariki.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Yaya. Tarihin da ka kawo daidai ne, amma ka tsallake wuri ɗaya, kuma wurin ne ke da nama. Kafin yaƙin Murray ya yi shekara shida cikin rundunar sa-kai ta masu igwa a birnin Launceston na Tasmaniya. Ke nan mutumin da ya shiga bataliya ta 16 ya riga ya san oda, ya san fareti, ya san yadda ake kula da makami. Shi ya sa aka ba shi bindigar mashin tun farko. Wannan kuwa ba a gona ya koya ba.

Baban Sadiq: Mutum nawa ne suka yi sa-kai irin wannan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba? Horon kowa ya samu, ƙanwata. Ƙashin ne ba kowa ke da shi ba.

Malama Hadiza: To mu duba waɗanda suka yi fice tare da shi. Abokinsa Percy Black, wanda suka riƙe bindiga ɗaya da shi a Galifoli, a gaɓar tekun Turkiyya, tun ranar da sojojinsu suka sauka can, 25 ga Afrilu 1915, mai neman zinariya ne. Joe Maxwell, wanda ake sa wa a bayan Murray wajen yawan lambobi, haifaffen Sydney ne, yaron maƙera tukwanen injin a Newcastle ta Ostireliya. John Monash, janar ɗin da ya jagoranci rundunar Ostireliya a Faransa a 1918, injiniya ne daga Melbourne. Sannan ga lissafin rundunar kanta. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan 5 ba a lokacin, sama da 416,000 suka ba da sunansu, sama da 60,000 suka mutu. Da masana suka koma kan takardun ɗaukar aiki suka duba sana'ar da kowa ya rubuta, waɗanda suka fito daga noma da kiwo ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Mafi yawa lebura ne, da masu sana'ar hannu, da akawuna. Ostireliya tun a lokacin ƙasar 'yan birni ce, galibin mutanenta a bakin teku suke.

Aminu (Brisbane): Malama ta taɓo inda ake ta jayayya a nan ƙasar har yau. Wannan magana ta Baban Sadiq tana da uba, sunansa Charles Bean. Ɗan jarida ne da ya zaga yankunan kiwon tumaki kafin yaƙi, rayuwar mutanen daji ta burge shi ƙwarai. Shi aka tura ya bi sojoji Galifoli da Faransa, shi kuma aka ɗora wa rubuta tarihin yaƙin a hukumance. Ya tafi da ra'ayin cewa daji ne ya ƙera halin ɗan Ostireliya, ya dawo da shi, ya shuka shi a zukatan mutane. Ba na raina aikinsa, don mutum ne da ya shiga ramukan yaƙi da kansa yana rubuta abin da ya gani. Amma abin da ka tafi nema shi ka fi gani. Na je gidan tunawa da yaƙi na Canberra, wanda shi Bean ɗin ya yi tsayin daka aka gina. Sunayen matattu ne jere a bangon tagulla, bataliya bataliya, ba muƙami, ba lamba. Dangi suna soka jan fure na takarda a tsagar da ke gefen sunan nasu. Ba za ka tsaya a nan ka gane wane ne manomi wane ne mai sayar da takalmi ba.

Kawu Ilu: Ku ba ni wuri, 'ya'yana, tunda ni na sa kakin nan har na yi ritaya. Baban Sadiq yana da gaskiya ta wani gefe. A wurin horar da kurata ka ga yaron ƙauye ka gane shi. Tafiyar ƙafa ba ta dame shi ba, in abinci ya yi latti ba ya kuka, hannunsa ya san shebur da diga, ya haƙa rami ya gama ɗan birni yana fama da bororo a tafin hannu. Wannan na gani da idona. Amma wata uku kawai, ɗan birnin ya kamo shi. Abin da ke raba soja da soja yana zuwa ne ran da aka buɗe wuta. Bindiga ta cije cikin duhu, hannunka na rawa, sai dai yatsunka su tuna abin da aka sa ka maimaita har ka gaji: cire, duba, share, mayar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ga ƙato ɗan manomi ya kwanta ya ƙi ɗagowa, na ga siririn yaro ɗan tela ya ja shi.

Baban Sadiq: Kawu, girmanka ne, ba na musu da abin da ka gani. Amma dubi abin da ya kawo masa Victoria Cross. Daren 4 zuwa 5 ga Fabrairu 1917, kusa da Gueudecourt a Faransa, ƙasa ta daskare da sanyi. Yana kyaftin a bataliya ta 13, ya ja kamfaninsa suka ƙwace ramin Jamusawa, aka kawo musu farmaki sau uku suna korarsa. Shi ne a gaban masu jifa da gurneti, shi ne a gaban masu banati, shi ne kuma mai saɓo masu rauni a kafaɗa. Mutum mai shekara 36 ya kwana yana wannan. Jikin da ya yi shekaru yana sarar itace ne kawai zai iya.

Kawu Ilu: Ka faɗi sauran lissafin mana, ɗana. Mutum 140 ya shiga da su, 48 suka rage a tsaye da aka zo karɓarsu. Cikin 92 ɗin nan da suka faɗi babu 'ya'yan manoma? Harsashi bai tambaye su sana'a ba. Murray jarumi ne, ban rage masa komai ba, amma yana da sauran kwana a gaba.

Malama Hadiza: Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne shaidar mutumin a kan kansa. A shekarun 1930 ya yi rubuce-rubuce a mujallar tsofaffin sojoji, ya faɗa a fili cewa tsoro yana kama shi kamar kowa, kuma yaƙin da ya fi ba shi wuya shi ne wanda ya yi da zuciyarsa lokacin da take ce masa ya gudu ya tsira da ransa. Abin da ya ce ya riƙe shi shi ne ɗa'a da horo. Sojojinsa suna yi masa laƙabi da mahaukaci saboda yadda yake kutsawa, shi kuwa yana cewa tarbiyyar soja ce. In mai abu ya faɗi haka, Yaya, da wane baki za mu ce masa a'a, gona ce?

Kuma a dubi yaƙin Bullecourt a Faransa, 11 ga Afrilu 1917. Aka tura su Murray kan layin tsaron Jamusawa da ake kira Hindenburg ba tare da igwa ta share musu hanya ba, an dogara da tankoki 12 da aka ce za su tattake waya mai ƙaya. Tankokin wasu suka lalace, wasu aka harbe su. Percy Black, wanda ya kai manjo a lokacin, a bakin wayar nan aka kashe shi. Murray ya ratsa da sauran mutane, ya aika a taimaka musu da igwa, aka hana, domin manya a baya sun ɗauka sojojinsu sun yi nisa gaba. Birged ta 4, wadda su Murray suke ciki, ta shiga da mutum wajen 3,000, ta yi asarar sama da 2,300. Duk ƙarfin damtsen da ke wurin bai gyara shirin da aka ɓata daga sama ba.

Sani Damagaram: Ni abin da ke damuna da wannan yabo na manomi shi ne wanda yake amfana da shi. Mu ma an yi mana. Turawan mulkin mallaka sun yi ta cewa mutanen karkarar Arewa su ne suka dace da soja, da haka aka kwashi samari daga gonaki aka kai su Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko, aka kai su Boma a na biyu. A ɓangarenmu Faransa ta yi irin nata. In aka ce maka kai jarumi ne tun daga haihuwa, ka duba hannun mai faɗin, takardar ɗaukar soja ce a ciki.

Aminu (Brisbane): Manoman Ostireliya da yawa sun gane haka. Sau biyu firaminista Billy Hughes ya kai maganar tilasta shiga soja gaban jama'a, a 1916 da 1917, sau biyu aka kayar da ita, kuma cikin masu cewa a'a har da manoman da ke tsoron rasa masu girbe musu alkama. Bayan yaƙi kuma aka juya maganar, aka ce tunda manomi soja ne, to soja ma manomi ne. Aka yanka filaye aka raba wa tsofaffin sojoji wajen 40,000 bisa bashi. Wasu ba su taɓa riƙe garma ba, wasu sun dawo da huhun da iskar guba ta ƙone. Filayen ƙanana, a wurare irin Mallee ruwa ba tabbas, ga zomaye, ga farashin alkama ya faɗi. Dubbai suka tattara iyalansu suka bar gonakin da bashi a wuya. Ga kuma 'yan asalin ƙasar, Aborijin: kimanin 1,000 daga cikinsu sun yi yaƙin, amma da aka zo rabon fili kusan dukkansu ba su samu ko taki ɗaya ba, alhali ƙasar kakanninsu ake rabawa.

Baban Sadiq: Ai ka kawo mini hujja, Malam Aminu. Su sun kasa, Murray bai kasa ba. A 1928 ya sayi gonar kiwo ta Glenlyon kusa da Richmond a Queensland, eka 74,000, ya zauna a nan yana kiwo har ƙarshen rayuwarsa, in ban da lokacin yaƙi na biyu da ya riƙe bataliya ta 26 a gida. Ya rasu a Janairun 1966 bayan hatsarin mota yana da shekara 85. Bai nemi siyasa ba, bai cika zuwa tarukan yabo ba. Manomi ne da yaƙi ya ara ya mayar.

Malama Hadiza: Wannan ya nuna ya iya kiwo, kuma ba wanda ya yi musun haka. Tambayarka ta farko ita ce ko manomi ya fi ɗan birni a fagen fama.

Baban Sadiq: To mu koma Galifoli. Wa ya ci? Turkawa. Su wane ne sojojin da hafsan Turkiyya Mustafa Kemal ya tare tuddan nan da su? Galibinsu manoman Anatoliya ne, wato cikin ƙasar Turkiyya, da yawa ko karatu ba su yi ba. Wata takwas ana abu ɗaya, Ostireliya ta bar gawa sama da 8,000 a wurin, a Disamba 1915 suka janye cikin dare. In rundunar Ostireliya ta 'yan birni ce kamar yadda kika lissafa, ashe manoma ne suka kore su.

Kawu Ilu: Manoma ne, amma suna kan tudu, abokan gaba suna hawowa daga bakin ruwa. Suna da hafsoshi da suka sha wuya a yaƙin Balkan suka koyi darasi, suna da bindigogin mashin, kuma ƙofar gidansu suke tsarewa. Ka ba akawunan Istanbul wannan tudun da wannan dalilin, su ma za su riƙe. Kuma kada ka manta da abin da suka biya, mamatansu sun haura 80,000, gonaki nawa ke nan a Anatoliya da ba a nome ba a daminar da ta biyo? Su waɗannan manoman dai, da irin wannan ƙashin, 'yan watanni kafin nan aka tura su yaƙar Rasha a duwatsun Sarikamish cikin hunturu ba kayan sanyi, dubun-dubatarsu suka mutu, da yawa sanyi da cuta ne suka kashe su ba harsashin Rasha ba. Ka amsa mini wannan tukuna, Baban Sadiq, sannan mu je kan mahayan dawakin Ostireliya da suka ci garin Biyasheba a Falasɗinu, da na san can za ka nufa.