Motar rimot ɗina tana juyawa a kwana idan na ba ta wuta

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar motar rimot, don Allah ku taimaka min, abin nan ya ishe ni. Ina da mota girman 1/10 (wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), tayoyin baya ne kawai ke ja, batir LiPo 2S (wato na lithium mai sel biyu) mai 7.4V. A wani fili nan Hotoro nake gwada ta, ƙasa ce mai tauri amma yanzu da hunturu ƙura ta lulluɓe ta.

A miƙe lafiya lau take gudu, shiga kwana ma ba matsala, amma da zarar na fara fitowa na danna totur sai bayanta ya sulluɓe ta juya gaba ɗaya tana kallon inda ta fito, kuma ya fi yawa a kwanar hagu.

Na sa sababbin tayoyin baya masu ƙananan haƙora, na mayar da batir baya don nauyi ya sauka a kan tayoyin da ke ja, na sauya man shokazoba daga mai lamba 35 zuwa 30 wanda bai kai shi kauri ba, na sassauta sifirin na baya. Da na sassauta sai ƙasan motar ya riƙa dukan ƙasa a kan tudu, juyawar kuma ba ta daina ba. Na rage wutar totur a rimot zuwa 70%, ta ɗan lafa, amma a haka kowa wuce ni yake.

Na ɗaga motar na juya tayar baya ɗaya da hannu, ɗayar tana juyawa baya da ƙyar kamar dif ɗin (giyar da ke raba wa tayoyin baya biyu juyi) ya yi tauri. Shin man dif mai kauri ne ke jawo wannan juyawar, in haka ne mai lamba nawa zan zuba?