Hanyar Stelvio a watan Afrilu: za ta biyu da iyali?

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Na yi wa maiɗakina alkawarin kai ta ta taɓa dusar ƙanƙara da hannunta a hutun Afrilu. Nufina mu tashi daga Milan mu kwana a Bormio, washegari mu haura Stelvio, hanyar da ta ratsa kan tsaunuka a arewacin Italiya, mu gangara garin Prato ta ƙauyen Trafoi. Ban taɓa tuƙi a tsayin mita 2,757 ba, motata ƙarama ce, ga jaririya 'yar wata bakwai. Don Allah wanda ya taɓa bi ya ba ni shawara.

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam. Malam, a Afrilu ba za ka wuce ba. Tun wajen Nuwamba ake rufe hanyar, sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni ake buɗewa. Iyakarka Bormio, garin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara. Maiɗakinka za ta ga farin ƙanƙarar a kan duwatsu.

Kawu Direba:
Ɗana, ka bari sai Yuli. Na bi ta, kuma har yau ina tuna warin birkina. Daga ƙoli zuwa Prato kwana 48 ne masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, kowace da lambarta a jikin dutse. Na ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, kafin in kai Trafoi ya yi laushi, tayar gaba tana hayaƙi. Na tsaya a gefe rabin awa, hannuna na rawa. Laifina ne. Ka sa giya ta biyu, inji ya riƙe maka motar.

Ostiriya ce ta gina hanyar tsakanin 1820 da 1825, lokacin keken doki, shi ya sa take da matsi haka. Ta ɓangaren Bormio akwai ramuka da aka fasa cikin dutse, mota biyu da ƙyar suke giftawa. Ka fita da sassafe, kafin 'yan babur da masu keke su cika ta. Ku ɗauki rigunan sanyi ko a Yuli. Ai a saman nan har da bazara ana wasan zamiya.

Maman Khalil:
Yayana, batun jaririyar ya fi damuna. Ku fara tambayar likitanta game da tsayin. In ya amince, uwar ta shayar da ita lokacin hawa da sauka saboda kunne.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri. Mun mayar da tafiyar Yuli. Kawu, a wace kwana ka fara jin warin?